Mene ne "masta" da dillalan gida ke ta ambato?

Kwanan nan da wuya ka ji tallan gidan haya a rediyo ko ka gan shi a WhatsApp a Sakkwato ba a jefa kalmar nan ba: "fulat mai ɗaki biyu da falo, ɗaya masta." Daga Arkilla zuwa Bado har Mabera bakin dillalai ɗaya. Wani ma ya ƙara gishiri, ya ce "duka ɗakunan masta ne", wanda daidai yake da a ce duk malaman makaranta hedimasta ne.

An gutsuro kalmar ne daga Turanci, master bedroom, wato ɗakin kwanan da ke gaba da sauran, wanda masu gida ke kwana ciki. Matsayi ne tsakanin ɗakuna, don haka guda ɗaya ne a gida. Ɗaki mai bayi a ciki sunansa daban a wurinsu, mu ne muka cakuɗa su. Su kansu masu kalmar sun soma gudunta: a 2020 ƙungiyar dillalan gidaje ta Houston a Amurka ta cire ta daga tallanta, don wasu na jin warin zamanin bauta a cikinta. Mu kuwa yanzu muka rungume ta hannu bibbiyu.

Kuma ba turaka ba ce. Turaka ta maigida ce shi kaɗai, mai girki ta same shi can. Masta na mutum biyu ne da tufafinsu duka, abin da 'yan jere kan manta, su cika wadrob da atamfa da leshi, babbar rigar ango ta rasa wurin rataya.

Ɓarnar da ta fi girma dai ita ce zaton da ake yi cewa masta yana nufin babban ɗaki. Iyayen amarya na jin dillali ya ce masta, sai a tafi wurin kafinta a ba da aikin cikakken saiti ba tare da an ɗora tef a bango ba. Ɗauki ɗakin da aka fi ginawa, ƙafa 12 da 12. Sau da yawa awon nan da kaurin bulo aka haɗa, in aka yi filasta abin da ya rage ciki bai wuce ƙafa 11 da rabi ba. An kawo gado shida da bakwai, wato tsawo ƙafa shida, faɗi ƙafa bakwai, katako ya ƙara masa faɗi ya kai bakwai da rabi. Durowar gefen gado biyu, kowace ƙafa ɗaya da rabi, an kai goma da rabi. Saura ƙafa ɗaya. A tsawo kuma gado da allon kansa sun ci ƙafa 7, zurfin wadrob ƙafa 2, saura biyu da rabi, kuma a nan ne murfin wadrob mai faɗin kusan ƙafa 2 zai buɗe. Madubi bai shigo ba tukuna.

Ga kuma abin da dillali ba ya faɗa: bayin nan da ya sa aka kira ɗakin masta shi ne ke cinye bango. Ɗaki mai ƙofa biyu da taga ya fi ɗakin yara ƙarancin wurin jingina kaya, ko da awonsu ɗaya, domin kowace ƙofa na son filin ƙafa biyu da rabi zuwa uku ta buɗe. Shi ya sa ranar jere ake ƙarewa da wadrob a falo, ko a toshe rabin taga da shi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Amarya kuma ta rasa inda za ta shimfiɗa sallaya, alhali ƙafa biyu da rabi da ƙafa huɗu kawai take nema ta fuskanci alƙibla.

Gado shida da biyar, ko shida da huɗu da rabi, ya ishi ɗakin nan. Da durowa ɗaya sai ka tsira da fili sama da ƙafa 4 a gefe, ga wurin salla ga hanya. Wadrob ya zama mai murfin zugewa, a kai shi kusa da silin don akwatunan lefe su hau sama, a manna madubi a jikin murfin, a yi wa gado durowoyi a ƙasa na zannuwa. Idan murfin mai buɗewa ne, a auna tazararsa da fanka, don an sha ganin fiffikenta na dukan murfin sama, musamman inda POP ya sauko da silin. Fiffiken kuma kada ya gaza ƙafa 7 daga ƙasa.

Kada a jingina wadrob da bangon bayi. Katakon MDF da ake yin kayan yayi da shi ba ya shiri da danshi. Fanfo ya ɗan tsatsa cikin bango, bayansa ya kumbura ya yi baƙi. In babu makawa a bar inci biyu tsakani. Allon gado mai karan-miski da kafet bango zuwa bango suna da kyau a hoto, amma hunturu ɗaya ya isa su sha ƙura. Tayil da ƙaramar darduma sun fi sauƙin shara. Fenti mai haske, labule a ɗaga sandarsa kusa da silin, yadin ya ninka faɗin taga sau biyu. Esi mai doki ɗaya kan wadatar da ɗakin ƙasa, amma hawa na ƙarshe mai bango a yamma sai ɗaya da rabi.

Idan fulat ɗin a sama yake, a auna kwanar matakala ma, a gaya wa kafinta ya yi allon gadon gida biyu mai haɗawa da ƙusa.