Waiwaye: Ƙofar Kasafin Kuɗi da Yunƙurin Soke Obamacare

A Majalisar Dattawan Amurka mai kujeru 100, galibi sai da ƙuri'a 60 ake rufe muhawara kan ƙudiri. Dokar kasafi ta 1974 ce ta buɗe wata ƙofa: ƙudirin da ke daidaita haraji da kuɗin da gwamnati ke kashewa, muhawararsa ba ta wuce awa 20, kuma ƙuri'a 51 ta wadatar. Da sanatoci suka fara cusa abubuwan da ba ruwansu da kuɗi, sai Sanata Robert Byrd ya kawo ƙa'ida a 1985 cewa duk sashen da bai taɓa aljihun gwamnati kai tsaye ba, a cire shi.

Ita kanta Obamacare, dokar inshorar lafiya ta 2010 ta Shugaba Barack Obama, wani ɓangarenta ya bi ta wannan ƙofa. Bayan rasuwar Sanata Ted Kennedy, ɗan Republican Scott Brown ya ci kujerarsa, 'yan Democrat suka rasa ƙuri'arsu ta 60, sai suka kammala gyare-gyaren ƙarshe ta hanyar kasafi.

'Yan Republican suka ce abin da ya shiga ta nan, ta nan zai fita. A ƙarshen 2015 ƙudirinsu na soke dokar ya wuce a Majalisar Dattawa, amma Obama ya hau kujerar na-ƙi a Janairun 2016. Da Trump ya hau mulki, Majalisar Wakilai ta amince da nata a Mayun 2017 da ƙuri'a 217 da 213. A daren 28 ga Yuli, John McCain, Susan Collins da Lisa Murkowski suka juya wa jam'iyyarsu baya, ƙudirin dattawa ya faɗi da 49 da 51.

Ko da ya wuce, da dokar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ana iya datse tallafin inshora da kuɗin Medicaid, shirin lafiya na gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ta hanyar kasafi, amma sharaɗin da ya hana kamfanoni ƙin mai tsohon ciwo ba batun kuɗin gwamnati ba ne. Wannan ne ke damuna: a bar wa mai ciwon sukari haƙƙin sayen inshora, a kwashe kuɗin da zai saya da shi.

A Disamban 2017 dokar haraji, ita ma ta wannan ƙofa, ta mayar da tarar da Obamacare ta ɗora wa wanda bai sayi inshora ba sifili daga 2019. Texas da wasu jihohi suka kafa hujja da hakan suka nemi a rushe dokar baki ɗaya, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar a Yunin 2021.