Sayen lasifikar gida a Maraɗi: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya shiga wajen masu kayan wuta a babbar kasuwar Maraɗi da niyyar sayen lasifika, kunnensa ne ke fara jigata. Kowane shago ya ƙure murya, kowane kwali da lambobinsa masu ruɗa mutum. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu saye.

Kwali ya ce wat 5000. Gaskiya ne?

Duba haruffan da ke bin lambar. In PMPO ka gani, lambar talla ce, ba ta da tsayayyen ma'auni, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafinta. Wadda za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da kayan ke iya riƙewa a kai a kai ba tare da sun ƙone ba. In ba a rubuta ta ba, juya bayan akwatin ka karanta wutar da yake ja daga bango. Abin da ke cin wat 60 ba shi da inda zai samo 5000 ya ba ka. Falo irin na yawancin gidajenmu, wat 30 zuwa 50 na RMS ga kowace lasifika, ta hagu da ta dama, ya wadatar.

Kuma yawan wat ba shi ne yawan ƙara ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara (desibel, ko dB, shi ne ma'aunin ƙara), ɗan bambanci ne a kunne. Kafin ka ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau 10. Shi ya sa lasifikar da aka rubuta mata 90 dB take ba da ƙarar mai 87 dB da rabin wutar da ita waccan ke buƙata.

Mai amfili a cikinta zan saya, ko wadda ake haɗa wa amfili daban?

Amfili shi ne na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika. Mai amfili a ciki ta fi sauƙin sha'ani: ka jona wuta, ka haɗa da waya ta Bluetooth, shi ke nan. Amma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wuta kuma tana hawa tana sauka, amfili ne yakan fara mutuwa. In daban yake, shi kaɗai za ka ɗauka zuwa wajen mai gyara, lasifikunka na nan lafiya. Ni dai ga wanda ke son kayan da za su daɗe, na rabe nake zaɓa masa.

Sai dai a kula da om, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta; in ya yi ƙasa, amfili ya fi shan wahala. A bayan lasifika za ka ga 4, 6 ko 8, a bayan amfili kuma an rubuta mafi ƙanƙantar da yake jurewa. Ranar suna ko biki sai yara su ƙulla lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, su koma om 4. A ƙara ta uku, amfili ya ɗau zafi har ya yi ƙauri. Ƙaramin amfili ma ba kariya ba ne. In aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, sauti yakan fashe, wannan fashewar ce ke ƙona ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririyar murya.

Yaya zan gwada a shago?

Nan ne maganar take. Mai shago zai sa maka kiɗa mai duka, ya murɗa bas har ƙarshe, ƙirjinka ya ɗauki rawa, ka ce ka samu kaya. To amma me ake saurare a gidanka? Karatun Alƙur'ani da asuba, wa'azi, labarai, sharhin ƙwallo, fim ɗin Hausa da dare. Kusan duka muryar mutum ce, ita kuwa a tsakiyar sauti take zaune, inda lasifika mai arha ta fi gazawa.

Saboda haka je da naka sautin a waya, muryar da ka sani sarai. Ka ce, "Alhaji, don Allah a mai da bas tsakiya, a rage murya." Ka saurara a daidai ƙarar da za ka ji a ɗaki. Kana rarrabe "s" da "sh" da "ts"? Muryar mai magana ta fito fili, ko kamar daga cikin randa yake magana? Daga nan a ƙara murya sannu a hankali, ka lura da inda ta fara karkarwa. Ƙwanƙwasa jikin akwatin da yatsa: katako mai kauri amsawarsa gajeriya ce, roba ko falanki marar kauri sai ya yi ta amo, kuma wannan amon zai shiga cikin duk abin da ka kunna. Ɗaga ta ka ji nauyi, domin sau da yawa maganaɗisu mai kyau yana da nauyi. Suna kamar JBL, Sony ko Yamaha a goshin kaya kada ya ɗauke maka hankali, jabunsu sun yi yawa; farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ne ke fara tona su. Kafin ka biya, ku yi magana a kan sauyi in ta ba da matsala, a rubuta a takarda.

2.1 ko 5.1?

Lambar farko yawan lasifiku ce, ta biyun kuma akwatin bas. 5.1 na masu kallon fim ne da ke da wurin kafa biyu a bayan kujera, da fim ɗin da aka naɗa da sauti irin wannan. Kuɗin da za a raba wa ƙanana biyar, gara a zuba shi a kan biyu masu kyau.

Ta hannu fa, irin ƴan kwatano?

Akwai nagartattu a ciki, wasu sun fi sababbin da ke kasuwa. Cire murfin gaba ka duba zoben da ya kewaye bakin lasifikar. In na soso ne, zafi da shekaru kan sa ya rududduge. Tura tsakiyar a hankali da yatsu a buɗe; in ka ji gogayya, waya ta taɓa ƙonewa a ciki. In mai amfili ce, karanta bayanta: kayan Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, wutarmu kuwa 220. Jonawa ɗaya ta isa ta kashe shi.

Da wannan wutar tamu, me zan yi?

Sa kuɗin na'urar daidaita wuta a cikin lissafinka tun farko. In NIGELEC ta ɗauke kuran, zare filogi, domin dawowarta ce ta fi yin ɓarna. Mai sola ya nemi kayan da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, ko amfili irin wanda aka rubuta wa Class D, ba ya cin wuta sosai, ba ya zafi sosai. Inbata mai arha takan sa wani gunji a cikin sauti, sai mutum ya ɗora wa lasifika laifin da ba nata ba.

Na kawo gida, sai na ji ba kamar a shago ba. An cuce ni ne?

Ba lallai ba, sau da yawa ɗakin ne. Bangon siminti, tayil da rufin kwano ba silin suna mai da sauti ya yi ta karo da kansa; labule mai kauri, darduma da kujerun kushin suna kwantar da shi. Kada ka cusa lasifika a lungu, bas zai kumbura ya danne murya. Ja ta kaɗan daga bango, ka ɗaga ta daidai kunnen wanda ke zaune, tazarar da ke tsakanin biyun ta yi kusan daidai da tazararsu da kai. Duba wayoyi kuma, ja ga ja, baƙi ga baƙi. In ɗaya ta juye, bas ɗin biyun sai ya cinye juna. Lokacin hunturu a rufe su da ƙyalle in ba a amfani da su, amma kada a toshe ramukan iskar amfili yana kunne.

A kuma tausaya wa kunnen yara da ke zama dab da akwatin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako shi ne iyaka ga babba, na yara bai kai haka ba. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji maganarka, a rage.