Garambawul a Majalisar Ɗinkin Duniya

Garambawul a Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne sauye-sauyen da ake yi wa tsarinta, ma'aikatanta da kasafin kuɗinta lokaci bayan lokaci. An kafa ta a 1945 da ƙasashe 51, yanzu sun kai 193, ga kuma hukumomi irin su WHO, UNICEF da FAO, kowacce da shugabanta, da majalisar gudanarwarta, da masu ba ta kuɗi. Shi ya sa gyara yake tafiyar hawainiya. Babban Sakatare na iya sake fasalin ofisoshin da ke ƙarƙashinsa, amma kasafin kuɗi da ƙirƙiro muƙamai suna hannun ƙasashe, a Kwamiti na Biyar na Babban Zaure, inda aka saba sai kowa ya amince kafin a zartar.

Kofi Annan, Babban Sakatare na lokacin, ya gabatar da shirin gyara a 1997, wanda ya haifar da muƙamin Mataimakin Babban Sakatare. Louise Fréchette 'yar Kanada ce ta fara riƙe shi a 1998. A 2006 aka kafa Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a madadin tsohuwar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, a 2010 kuma aka haɗe ofisoshi huɗu suka zama UN Women, hukumar kula da harkokin mata.

Gyaran da ya fi taɓa aikin yau da kullum shi ne na zamanin Babban Sakatare António Guterres, wanda mataimakiyarsa Amina J. Mohammed 'yar Najeriya ta jagoranta. A da, shugaban ofishin UNDP (hukumar raya ƙasashe ta majalisar) a kowace ƙasa shi ne kuma mai daidaita ayyukan dukkan hukumomin majalisar a ƙasar. Sauran hukumomi na ƙorafin cewa ba a zama alƙali kuma ɗan takara, tunda UNDP ma tana neman kuɗin masu ba da tallafi kamar kowa. Ƙudurin Babban Zaure na 2018 ya raba muƙaman biyu, kuma daga Janairun 2019 mai daidaitawa ya koma ƙarƙashin Babban Sakatare. Sai dai ba a ba shi asusu mai ƙarfi ba. An dogara da gudummawar sa-kai, da karo-karon hukumomi, da cire kashi 1 cikin 100 daga wasu tallafin da aka keɓe wa takamaiman ayyuka, kuma an yi ta fama da giɓi. Jami'in da ba shi ke raba kuɗi ba, sai dai ya lallashi abokan aiki.

Kwamitin Sulhu kuwa kusan ya gagari gyara. Tun da aka ƙara kujerunsa daga 11 zuwa 15 a 1965, ba a sake taɓa adadin ba, domin sashe na 108 na kundin majalisar ya sharɗanta amincewar kashi biyu cikin uku na ƙasashe, ciki har da Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin masu kujerun dindindin, kafin a yi wa kundin gyara. Tun 2005 Tarayyar Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin a ƙarƙashin matsayar Ezulwini.