Dokar Turai da ta sa kowane shafi yake tambayarka "ka amince?"

Duk mai shiga intanet ya san akwatin nan da ke tasowa ya rufe rabin fuskar waya tun kafin ka karanta layi ɗaya, wai shafin yana amfani da kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a wayarka don ya gane ka idan ka dawo, ka amince ko ba ka amince ba. Yawancinmu dannawa kawai muke yi mu wuce, data tana ƙonewa, wa yake da lokacin tsayawa karatu. To wannan akwatin daga Turai ya taso, kuma a bayansa akwai wata doka da ake ce wa GDPR wadda har yau ba a gama cacar baki a kanta ba.

Tarayyar Turai ce ta amince da ita a watan Afrilun 2016, aka ba kamfanoni shekara biyu su kintsa, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Abin da take cewa dai shi ne ba wanda zai kwashi bayananka haka kawai, sunanka ne, imel ne, lambar waya, wurin da kake, har lambar IP da wayarka ke shiga intanet da ita, sai yana da hujja cikin hujjoji shida da dokar ta lissafa. Amincewarka ɗaya ce kawai daga cikinsu. Idan ka yi odar takalmi misali ai dole mai kanti ya san adireshinka, wannan ba sai an sake tambayarka ba, amma ya ɗauki adireshin ya sayar wa masu talla, nan ne ya taka doka. Kana da haƙƙin ka rubuta wa kamfani ka ce su nuna maka duk abin da suka tara a kanka, su kuma dole su amsa cikin wata ɗaya, kana iya cewa su gyara ko su goge, kuma idan aka yi musu kutse aka sace bayanan mutane awa 72 gare su su sanar da hukuma. Tara kuwa tana iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin da kamfanin ya yi a duk duniya a shekara, duk wanda ya fi yawa.

Inda rigimar take shi ne sashe na 3. Dokar ba ta tsaya a bakin iyakar Turai ba, ta ce ko kamfaninka a Amurka yake ko Indiya, muddin kana tallata kaya ko wani aiki ga mutanen da ke cikin Tarayyar Turai, ko kana bin diddigin abin da suke yi a intanet, to ta hau kanka. Kuma lura, ba ta ce 'yan ƙasa ba, cewa ta yi mutanen da ke ciki, wato ɗan uwanmu da ke karatu a Jamus ko yake neman kuɗi a Italiya tana kare shi ko da ba shi da fasfo ɗinsu. Amurkawa da yawa sun ce ina ruwan biri da gada, majalisar da ba mu zaɓa ba ta yaya za ta gindaya mana sharaɗi a shafinmu, Turawa kuma suka ce wanda yake son kasuwarmu sai ya bi ƙa'idarmu. A ranar da dokar ta fara aiki wasu manyan jaridun Amurka irin su Los Angeles Times da Chicago Tribune kawai rufe shafinsu suka yi ga duk wanda ya shigo daga Turai, ka buɗe ka tarar da saƙon ban haƙuri, sun ga gara su rasa masu karatun da su shiga abin da ba su gama ganewa ba.

Ƙananan shafuka su suka fi shiga ruɗu, mutum ɗaya ne yake riƙe da shafinsa, ba lauya ba komai, ya ji ana maganar miliyan 20. Gaskiya an ɗan zuzuta tsoron, domin dokar da kanta ta yi bayani cewa don kawai ana iya buɗe shafinka daga Faransa ba shi ke nuna Turawa kake nema ba, sai an ga alama, kamar ka sa farashi da Yuro ko kana cewa kana kai kaya can. Amma kuma ba a ce babu komai ba. A Janairun 2022 wata kotu a Munich ta ci wani mai shafi Yuro 100 saboda samfurin haruffan da ke shafinsa, wato font, daga Google yake saukowa, wato lambar IP ta mai ziyara tana tafiya wa Google ba tare da an tambaye shi ba. Kuɗin ba yawa, sai dai bayan hukuncin wasu suka mayar da abin sana'a suna ta aika wa masu shafuka wasiƙu a biya su. Google da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, suna da lauyoyi birjik, mai ƙaramin shafi kuwa shi da aljihunsa, wannan ƙorafin ni dai ina ganin yana da ƙamshin gaskiya.

Shi kuwa akwatin kukis, a nan ne nake ganin ana ɗora wa dokar laifin da ba nata ba ne duka. Asalinsa wata tsohuwar doka ce ta 2002 da aka yi wa gyara a 2009, GDPR ta zo ne ta tsaurara ma'anar amincewa, har kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2019 cewa akwatin da aka riga aka danna maka ba amincewa ba ne. Kukis ɗin da shafi ke buƙata don ya yi aiki, kamar wanda ke tuna cewa ka riga ka shiga da sunanka, ba sai an nemi izini ba. Na talla da bin diddigi ne ke buƙatar izini, kenan duk shafin da ya tare ka da akwati galibi akwai abin da yake so ya kwasa. Ka duba yadda suke tsara shi ma, maɓallin amincewa ƙato mai launi a tsakiya, na ƙin yarda kuwa ɗan mitsitsin rubutu a gefe, ka danna ya kai ka wani shafi mai jerin kamfanonin talla ka yi ta kashewa ɗaya bayan ɗaya har ka gaji ka koma ka amince. A kan irin wannan wayon ne hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar a Janairun 2022 cewa ta ci Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60.

Sai batun kai bayanai Amurka, wanda ya fi kowanne tsawo. Tun da Edward Snowden ya fasa ƙwai a 2013 kan leƙen asirin da hukumomin Amurka ke yi, wani ɗan Austriya mai suna Max Schrems ya sa Facebook a gaba, kotun Turai ta soke yarjejeniyar musayar bayanai da Amurka a 2015, aka ƙulla wata ta sake soke ta a 2020, aka kuma ƙulla ta uku a Yulin 2023. Ana cikin haka a Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta Yuro biliyan 1.2 a kan kai bayanan Turawa Amurka, tara mafi girma a ƙarƙashin dokar a lokacin.

Mu da ke zaune a Kano ko Maraɗi fa GDPR ba ta kare mu idan shafin Amurka ne ya kwashi bayananmu, ko da mun ga akwatin, sau da yawa kamfanin ne ya ga ya fi masa sauƙi ya nuna wa kowa. Abin da ke kare ɗan Najeriya ita ce dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta ɗauko abubuwa da yawa daga ta Turai, har da awa 72 ɗin nan, kuma hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, ce ake kai wa ƙorafi.