Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Ƙafa a Biranen Sanyi

Wasan ƙarshe a birnin sanyi shi ne karawar da ake ɗaga kofi a bayanta idan ta faɗo a garin da ma'aunin zafi ke sauka zuwa sifiri ko ƙasa da haka a watan da ake rufe gasa. An fi cin karo da wannan lamari a Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen arewacin Turai, inda kakar wasa ke somawa a farkon shekara ta ƙare a Nuwamba ko Disamba. Sanyin da ake nufi ya sha bamban da na hunturun Marwa ko Ngaundere, wanda rigar sanyi da shayi mai zafi ke maganinsa kafin hantsi. Wannan sanyi ne da ke daskarar da ƙasa, ya zubo da dusar ƙanƙara har ta rufe layukan fili.

Wa ke zaɓen gari

Hanyoyi biyu ake bi. Ko dai hukuma ta tsayar da gari tun kafin a san waɗanda za su kai ƙarshe, kamar yadda hukumar ƙwallon Turai ta UEFA ke yi a gasar Zakarun Turai, ko kuma a bar wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ta karɓi baƙunci a gidanta. Gasar MLS ta Amurka da Kanada ta gwada duka biyun. Daga 1996 zuwa 2011 tana zaɓen fili tun da wuri, sau da yawa a wurare masu ɗumi irin su Kalifoniya. Daga 2012 kuwa sai ta ce ƙungiyar da ta fi tara maki a kakar, cikin biyun da suka rage, ita ce mai masaukin baƙi. Tun daga nan zaɓen yanayi ya fita daga hannun hukuma. Idan ƙungiyar Toronto ta fi maki, to a Toronto za a buga, ko da kuwa a tsakiyar Disamba ne.

Dalilin sauyin a fili yake. A 2010 an kai wasan ƙarshe Toronto, ranar 21 ga Nuwamba, tsakanin Colorado Rapids da FC Dallas, ƙungiyoyi biyu da babu wadda garin nata ne. Colorado ta ci 2-1 a ƙarin lokaci, amma kafin a tashi kujeru da yawa sun zama fayau. Mutum zai jure sanyi saboda ƙungiyarsa. Da wuya ya jure shi saboda ta wasu.

Fili

Babban aiki yana kan ƙasa. Idan damshin cikin ƙasa ya daskare, fili yakan yi tauri kamar daɓen ɗaki, ƙusoshin takalmi ba sa kama shi, wanda ya faɗi kuma ya san ya faɗi. Alƙalin wasa ne ke da ikon cewa fili bai bugu ba, kuma taurin ƙasa ya fi dusar ƙanƙara sa shi ya ɗage wasa, domin ita dusar ana iya kwashe ta.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne ɗumama ƙasa daga ciki. Ana shimfiɗa bututai a jere ƙarƙashin ciyawa, zurfin kimanin taƙi ɗaya, a riƙa tura ruwan ɗumi da aka gauraya da sinadarin hana daskarewa yana zagayawa. Ba ranar wasa ake kunna shi ba. Sai an ba shi kwanaki yana aiki a hankali, saboda zafi mai yawa farat ɗaya yana lalata saiwar ciyawa. Ƙungiyar Everton ce ta fara saka irin wannan a Ingila, a filinta na Goodison Park a 1958, da wayoyin lantarki. Bayan bututai akwai tamfol da ake lulluɓe fili da shi da dare, da manyan fitilu masu taya da ake turawa kan ciyawa su maye gurbin hasken rana, wadda a Disamba ba ta daɗewa a sama a waɗannan garuruwa. Gefen da inuwar rumfar 'yan kallo ke faɗawa shi ne ya fi ba ma'aikata wahala.

Wasu garuruwan sun haƙura da ciyawa gaba ɗaya, sun koma ta roba. Haka filin Bodø/Glimt yake a can arewacin Norway, haka na Ottawa. Wasu kuma rufi suke fakewa a ciki. A Nuwamban 2016, ƙungiyar Montreal ta bar ƙaramin filinta na waje ta koma babban filin Olamfik mai rufi domin karawar kusa da ƙarshe da Toronto. Ta ci 3-2 a ranar, kuma ɗan Kamaru Ambroise Oyongo ne ya jefa ta ukun.

'Yan wasa da abin da doka ta yarda

Dokokin wasa ba su faɗi adadin sanyin da za a fasa wasa ba. Kowace gasa da nata tsarin. A gasannin UEFA, idan ma'auni ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri ana iya ɗage wasa, sai dai in ƙungiyoyin biyu sun amince su buga. An yarda da safar hannu, da rigar ciki mai dogon hannu, da matsattsen dogon wando ƙarƙashin gajeren, muddin launinsu ya dace da na kayan ƙungiya. Mayafin wuya da wasu 'yan wasa suka taɓa yayi a Ingila an hana shi a 2011. Idan dusa ta sauka, ana ajiye farar ƙwallo a ɗauko mai ruwan lemo ko rawaya.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne mai tsaron gida, musamman na ƙungiyar da ta fi rinjaye, domin yana iya yin minti goma a tsaye babu abin da ya zo wajensa, yatsunsa su sandare, sannan a buƙace su cikin ƙiftawar ido. Iska ma tana ƙara wa sanyi kaifi fiye da abin da ma'auni ya nuna. Misalin da aka fi kawowa ba wasan ƙarshe ba ne: ranar 2 ga Fabrairu 2022 Amurka ta karɓi Honduras a jihar Minnesota a wasan neman gurbin Kofin Duniya, sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifiri, kuma 'yan Honduras biyu ba su dawo daga hutun rabin lokaci ba saboda sanyi ya shige su.

Wasannin da ake tunawa

Ranar 7 ga Disamba 2013, Sporting Kansas City ta karɓi Real Salt Lake a wasan ƙarshe na MLS cikin sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifiri. Aka tashi 1-1, aka shiga bugun fenariti, sai da kowace ƙungiya ta buga goma kafin masu gida su ci 7-6. Bayan shekara uku, ranar 10 ga Disamba 2016, Seattle Sounders ta je Toronto ta ɗauki kofi a fenariti bayan an yi minti 120 babu ci, ba tare da ta kai hari ko ɗaya da ya nufi raga ba. Wannan ya nuna cewa sanyi ba ya tabbatar wa mai gida komai. Da suka sake haɗuwa a fili ɗaya a 2017, Toronto ta rama da 2-0.

Babu wanda ya kai na Ottawa ban mamaki. Ranar 9 ga Nuwamba 2025, a wasan ƙarshe na gasar ƙwararru ta Kanada, Atlético Ottawa ta kara da Cavalry FC dusar ƙanƙara na zuba babu ƙaƙƙautawa. Ana tsayar da wasa lokaci-lokaci, ma'aikata su shigo da shebur su tono layuka, har mai tsaron gidan Ottawa ya ɗauki shebur ya share gabansa. Ƙwallo ba ta gangarawa, in an buga ta a ƙasa sai ta yi taku biyu ta tsaya, don haka wasan ya koma na sama. A cikin wannan hali David Rodríguez ya farke wa Ottawa da bugun wulƙitawa ta baya. Kafin ƙarin lokaci aka dakata kusan awa guda motoci suka kwashe dusar, sannan ya ƙara ta biyu aka tashi 2-1. Hoton ƙwallonsa ta farko ya zagaya duniya, gasar da mutane da yawa ba su taɓa jin sunanta ba ta shiga bakin jama'a. Ko wasa ne mai kyau? Abin kallo ne dai, amma da wuya a ce ya auna wace ƙungiya ta fi iya ƙwallo.

Turai da Afirka

Turai ta kauce wa matsalar ta hanyar kalanda, domin manyan wasanninta na ƙarshe a Mayu ko farkon Yuni ake yin su. Duk da haka sanyin gari yana barin sawunsa. Filin Luzhniki na Mosko ciyawar roba gare shi a wancan zamani saboda tsananin hunturun Rasha, shi ya sa da za a buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2008 tsakanin Manchester United da Chelsea sai da aka kawo ciyawa daga Sulobakiya aka shimfiɗa. An take wasa da 10:45 na dare agogon Mosko, wato 7:45 a Garwa da Njamena, ruwan sama ya sauko, John Terry ya zame wajen bugun da zai ba Chelsea kofi, United ta ci 6-5 a fenariti. A Afirka kuwa, wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 11 ga Yuli 2010 ya faɗo a tsakiyar sanyin Johannesburg, birnin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,700 da ɗoriya.

Mutanen Garwa sun san muhawarar yanayi da wasan ƙarshe ta ɗaya fuskar. A Nuwamban 2008 Coton Sport ta karɓi Al Ahly ta Masar a filin Roumdé Adjia a zagaye na biyu na wasan ƙarshe na Zakarun Afirka, aka tashi 2-2, Al Ahly ta ɗauki kofi da 4-2 jimilla. Gasar Kofin Afirka da aka shirya yi a tsakiyar 2021 ma an mayar da ita Janairu don gudun damina, har Garwa ta karɓi rukunin Najeriya da Masar cikin hunturu a 2022. A nan zafi da hazo da ruwan sama ne ke tsara rana da sa'a. Tambayar dai ba ta sauya ba: shin yanayin gari wani ɓangare ne na ladar da mai gida ya samu da guminsa, ko kuwa cutar da baƙo ne?

Kuɗi da kalanda

Masu goyon bayan barin wasa a gidan wanda ya fi maki suna da hujja mai ƙarfi, domin fili yana cika, kuma wasannin kaka gaba ɗaya suna samun daraja. Masu suka kuma suna kallon abin da ake kashewa: kuɗin wuta da gas na ɗumama ƙasa, share dusa daga matakala da kujeru don kada jama'a su zame, jiragen magoya bayan baƙi da kan makale, da kuma ɗan gajeren lokacin shiri, tunda sai mako guda ko makamancinsa kafin wasa ake sanin garin. Gidajen talabijin sun fi son dare saboda yawan masu kallo, alhali dare ne ya fi sanyi. An buga wasan ƙarshe na MLS na 2016 da takwas na dare agogon Toronto, ƙarfe biyu na dare ke nan a gidajen kallon Kamaru da Chadi. Na 2017 kuwa aka dawo da shi ƙarfe huɗu na yamma.

Rasha ta sauya kalandarta a kakar 2011 zuwa 2012, ta koma somawa a tsakiyar shekara da dogon hutu a watannin sanyi. A Nuwamban 2025 MLS ta sanar da cewa za ta bi irin wannan hanya daga 2027, ta riƙa farawa a Yuli, ta tafi hutu a tsakiyar sanyi, ta buga wasanta na ƙarshe a watan Mayu. Manyan gasannin Norway da Suwidin da Finland suna nan kan tsarin farawa bayan narkewar ƙanƙara da gamawa a ƙarshen shekara.