Waiwaye: Yadda horar da likitocin yara ya samo asali a Zariya

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 babu tsangayar koyon likita a cikinta. Sai a 1967 aka kafa ta, a zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, kuma shi kansa likitan yara ne da ya koyar a Legas kafin ya dawo gida. Ba a jira an gina sabon asibiti ba. Asibitocin gwamnati da ke ƙasa aka karɓa, na Tudun Wada a Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi, ɗalibai suna yawo tsakaninsu. Wannan rarrabuwa ta wahalar da malamai, amma ta sa ɗalibi ya ga yaron birni ya ga na ƙauye kafin ya karɓi takardarsa.

Cututtukan yankin ne suka tsara abin da ake koyarwa. Sanƙarau na zuwa da zafin bazara, ƙyanda na kwantar da yara ɗaki guda, ga tamowa da gudawa da amosanin jini. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle suka yi bincikensu kan sanƙarau da ƙyanda a nan Zariya, Alan Fleming kuma ya duƙufa kan cututtukan jini. A 1985 Kelsey Harrison ya fitar da nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya, wanda ya nuna yadda rashin zuwa awo da ƙuruciyar uwa ke shafar rayuwar jariri. Ba dukansu ne likitocin yara ba, amma sun bar al'adar da sashen yara ya gada: a rubuta abin da aka gani a bakin gado, a ƙirga, a buga.

A farko, mai son ƙwarewa sai ya tafi Ingila. Kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma a 1976, da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, shi ya dawo da horon gida. Tsarin bai canja sosai ba har yau. Shekara 6 a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki wadda wata uku daga ciki na sashen yara ne, sai bautar ƙasa, sai jarrabawar share fage. Daga nan likita ya shiga matakin farko na horo, ya zagaya ɗakin gaggawa na yara, da ɗakin jarirai da bakwaini, da sauran ɓangarori, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya. A mataki na biyu zai jagoranci na ƙasa da shi, ya rubuta kundin bincike, ya kare shi. Idan komai ya tafi daidai, kusan shekara 14 ke nan daga shiga jami'a, kuma yajin aiki da faɗuwa jarrabawa kan ƙara a kai.

Abin da ke sa horon ya yi tsawo shi ne komai na yaro da awo yake tafiya. Ruwan da jikinsa ke buƙata cikin awa 24 mililita 100 ne kan kowane kilo na goman farko, 50 kan goma na biyu, 20 kan abin da ya haura. Allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce kan kilo, amma 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Yaro mai tamowa mai tsanani, idan aka ɗura masa ruwa ta jijiya kamar yadda ake yi wa mai gudawa, zuciyarsa na iya gazawa. Madarar F-75, wadda aka haɗa musamman don masu tamowa, ake fara ba shi kaɗan-kaɗan, ana lura da sukarin jininsa da ɗumin jikinsa. Jaririn da shawara ta yi wa yawa kuwa, idan haska shi da fitilar magani ya kasa, sai canjin jini, ana zuƙe kaɗan ana mayar da kaɗan ta jijiyar cibiya. Littafi na faɗin adadin, amma hannu ba ya faɗawa sai babba na tsaye a kanka yana gyara maka riƙon sirinji.

Komawar asibitin koyarwa na jami'ar mazauninsa na dindindin a Shika a 2005 ta haɗa sassan wuri guda, yayin da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau ta ci gaba da zama ƙofar da iyayen cikin birni suka fi kusa da ita. Gini ya samu. Sai matsalar ta koma kan masu koyarwa.

Ƙwararren likita a asibitin koyarwa yana ɗauke da kaya uku: duba marasa lafiya, koyar da ɗalibai, da bincike. Ƙarin girma a jami'a ya fi karkata ga yawan maƙalolin da aka buga, don haka awannin da malami ya ɓata yana koya wa ɗalibi sauraron ƙirjin jariri ba su cika bayyana a takardar tantance shi ba. Kuma horon ƙwarewa yana koyar da magani ne, ba dabarun koyarwa ba: yadda ake tsara jarrabawar bakin gado, ko gyara wa ɗalibi kuskure a gaban uwar yaro ba tare da an karya masa gwiwa ko an tsorata ta ba. A 2020 taƙaddama ta tashi tsakanin Hukumar Kula da Jami'o'i da ƙungiyar ƙwararrun likitoci kan ko dole ne malamin likita ya yi digirin digirgir bayan takardar ƙwarewarsa, har ta kai ga janye koyarwa na wani lokaci. A ganinmu an tsaya kan takarda, an bar tambayar lokacin da za a ware wa malami don koyarwa da bincike.

Dokar horon ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, sai dai jinkirin biya ya sha zama dalilin yajin aiki. Ga kuma ficewar likitoci zuwa Ingila da Saudiyya. Kwalejojin horar da ƙwararru biyu, ta Afirka ta Yamma da ta ƙasa, suna duba yawan ƙwararru da kayan aiki kafin su amince da adadin waɗanda sashe zai horar, saboda haka tafiyar malami ɗaya mai ilimin jarirai ko ƙodar yara na iya rage guraben horo a zagayen tantancewa na gaba.