Amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini kan koyar da zane a makaranta

Na daɗe ina koyar da zane a ƙaramar sakandare, kuma duk bitar da aka tara malamai, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini. Ga amsoshinsu a rubuce, ko na huta.

Shin dole ne a koyar da zane?

Dole ne. Yana cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira wanda NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu a Najeriya, ta sanya a manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Shugaban makarantar da ya mayar da lokacin darasin na sharar fili ya san abin da ya aikata.

Ba mu da fenti da buroshi, yaya za mu yi?

Wannan uzuri ya ishe ni. Almajiri da gawayi da ƙaro yake haɗa tawadarsa, ya feƙe alƙalaminsa da kansa, kuma da su ake yi wa allo zayyana ranar sauka. Akwai jar ƙasa da farar ƙasa, akwai zoɓo da lalle da kurkum, sannan yumɓu kyauta ne a bakin rafi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, da hannu ta koyi ginin tukunya a ƙauyensu kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954.

Ni kaina ban iya zane ba.

Ka kwantar da hankalinka. Ka ɗora tulu a kan tebur, ka zauna ka zana tare da yaran. Ba za su raina ka ba.

Wani uba ya zo ya ce zana abu mai rai haramun ne, me zan ce masa?

A nan kam sai a bi a hankali, domin ni malamin zane ne, ba mai ba da fatawa ba. Da farko kada ka ce wa uban jahili, saboda maganarsa tana da tushe: akwai hadisai a Buhari da Muslim masu gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, kuma Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Sai dai malamai sun saɓa a kan iyakar hanin. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasarmu, an fi tsananta wa mutum-mutumi cikakke mai inuwa, an kuma sassauta a kan zanen da yake shimfiɗe a takarda, yayin da wasu malaman ba su yarda da wannan bambanci ba. Abin da nake yi, kuma ba na cewa zai yi aiki a kowane gari, shi ne in roƙi uban ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi, ni kuma in sauya wa yaron aiki ba tare da na kunyata shi a gaban aji ba. Dagin Arewa, da adon bangon gidajen Zazzau, da aska takwas ta babbar riga, da ganye da ƙwarya, duk suna koyar da layi da inuwa da daidaito. Idan iyaye da yawa ne suka yi ƙorafi, to maganar ta wuce ka, ka kai ta gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kada ka yi alkawarin abin da manhaja ba ta ba ka iko ba.

Yara 80 ne a ajina, zan iya zana mangwaro a allo su kwafa?

A'a. Wannan kwafi ne, ba zane ba. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da mangwaronsa na gaske a gabansa, kuma ka daina ba wanda ya fi kwaikwayon hannunka maki mafi yawa.